Akwatin Dakta da Fensirin Hajiya Rabi

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ku, ƙannena mata masu niyyar cire yara daga makaranta ku koyar da su a gida. Wata magana da ƙanwarmu Zainab ta yi ranar walimar suna a unguwar Old Trafford ce ta sa na zauna rubuta wannan. Muna kicin muna jera waina a faranti, ta ce ita ba ta ga wahalar abin ba, tunda komai yana intanet, mutum ya sauke manhaja ya buga a takarda, yara su zauna su yi. Ban tanka mata a wurin ba, don gidan ba nawa ba ne kuma baƙi suna jiran abinci. Amma shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan aiki a kan teburin cin abincinmu a Cheetham Hill, nan Manchester, da yarana da na mutane, kuma ina ganin haƙƙinku ne in faɗa muku abin da na sani kafin ku rubuta wa makaranta takardar cire yaro.

Ni ba ni da takardar malanta. Sakandare na gama a Kano, aka yi mini aure, maigida ya samu karatu a nan Ingila, muka taho. A hannun Hajiya Rabi na koyi sana'ar, lokacin muna zaune a Birmingham. Tsohuwar malamar firamare ce tun daga gida, ta biyo ɗanta zuwa unguwar Perry Barr, tana koyar da jikokinta da 'ya'yan ɗalibai a falonta. Shekara biyu ina zuwa wurinta kowace safiya, goye da 'yata Ummi. Wata ukun farko ba ta bar ni na koyar da ko harafi ɗaya ba. Aikina fiƙe fensir, yanka kwali, share farin allo, sai karatu. Za ta miƙo mini littafin da za ta fara da yara wata mai zuwa ta ce in karance shi daga bango zuwa bango, in dawo in gaya mata inda yaro zai yi tuntuɓe. Rannan na gaji na ce, "Hajiya, ai littafin 'yan shekara bakwai ne, me zan karanta a ciki?" Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Binta, ke kina zuba wa mijinki miyar da ba ki ɗanɗana ba? To kan yaro ya fi cikin mijinki daraja." Ita ce kuma ta gargaɗe ni kada in taɓa wuce yara huɗu, don daga biyar hukuma makaranta take ɗaukar wurin, da duk dokokinta.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai tebur, wanda dole a kwashe littattafai daga kansa kafin azahar a goge, a ci abinci, a sake gogewa, don ɗigon manja ɗaya ya isa ya lalata aikin mako. Akwai ƙaramin farin allo da nake jinginawa a jikin firij. Akwai taswirar duniya da na liƙa a bayan ƙofa. Kowane yaro yana da fayil ɗinsa, inda nake adana aikinsa da kwanan wata, saboda matar council, wato ƙaramar hukuma, da take zuwa duba mu sau ɗaya a shekara. Akwai injin buga takarda, wanda ba ya tashi lalacewa sai ranar da aka fi bukatarsa. Agogon kicin da nake auna dahuwar shinkafa da shi, shi nake murɗawa minti ashirin da biyar, in ya yi ƙara yara su miƙe su zaga tsakar gida. Sai katin laburare, wanda a wancan lokacin ya fi mini duk sauran amfani. Fensir kuwa ban san kayan aiki ne ba sai daga baya, kuma labarinsa zan ba ku.

Masu kawo yara iri-iri ne. Akwai ɗalibin da ya zo digirin shekara ɗaya, makarantar kusa ba gurbi, yana so a riƙe masa yaro kada ya koma gida ya tarar an wuce shi. Akwai uwar da ta ga abin da ba ta so a makaranta, ta ce lissafi da Turanci da Alƙur'ani kawai take so, sai na zauna da ita na lallashe ta cewa yaro yana bukatar ya san inda ruwan famfo yake fitowa. Akwai uban da yake so a aiko masa rahoto kullum kamar asibiti. Duk cikinsu babu mugu. Tsoro ne kawai yake cin kowa, kada yaronsa ya lalace a ƙasar mutane, kada kuma a bar shi a baya. In kika gane haka, za ki daina jin haushin yawan tambayoyinsu.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda gwamnati ta matse council a kan kuɗi, council ta matse mu. Laburaren unguwarmu ya koma buɗewa rabin mako. Ɗakin taron da muke haɗuwa da sauran iyalai masu koyarwa a gida ranar Laraba, yara su yi gwajin kimiyya tare, aka rufe shi aka sa kwaɗo. Matar council da ta saba zuwa ta sha shayi ta ba ni shawara, aka sallame ta, wasiƙa ta maye gurbinta. A cikin wannan shekarar Dakta Sani da matarsa Maryam suka kawo mini 'yarsu Hanifa.

Hanifa tana da shekara goma sha biyu, doguwa, mai shiru, tana jin Hausa sarai amma in za ta amsa sai Turancin Manchester ya fito. Dakta ya samu aiki a wani asibiti a Amurka, za su tashi bayan wata tara in takardu sun fito. Ya nema mata gurbi a wata makarantar kuɗi ta Musulmi a can, inda 'ya'yan abokinsa suke. Makarantar ta ce lissafinta da Turancinta ba matsala, amma ba ta taɓa karanta tarihin Amurka ba, alhali sa'o'inta sun yi shekaru suna yi. Za su aiko mata takardar gwaji a tsakiyar lokaci, sannan ta ainihi kafin su tashi. In ta ci, ta shiga aji bakwai tare da sa'o'inta. In ba ta ci ba, aji shida, inda ƙaramar 'yar abokin Abbanta take. Ga yarinya mai shekara goma sha biyu da za a raba da duk wanda ta sani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar farko da aka bar mu mu biyu, abin da ta fara ce mini ke nan, ƙasa-ƙasa, "Anti, please, ba na son ajin yara."

Aikin zaɓen manhaja na fara da shi. Ni kaina abin da na sani na tarihin Amurka bai cika cokali ba. A laburare awa ɗaya ake ba mutum a kwamfuta, sai na riƙa zuwa da littafin rubutu ina kwafe abin da na gani. Na tarar masu koyarwa a gida a Amurka suna da yawa ƙwarai, kuma kayansu kusan kashi uku ne. Akwai babban littafi guda mai tambayoyi a ƙarshen kowane babi, da littafin malami mai amsoshi. Akwai wanda ba babban littafi, sai jerin littattafan labari wajen talatin da yaro zai bi ɗaya bayan ɗaya, wanda sai mai laburare a buɗe kullum zai iya. Akwai na bidiyo, yaro ya zauna gaban kwamfuta wani ya yi masa bayani ya danna amsa. Na kuma lura da yawa daga cikinsu mutanen coci ne suka rubuta don 'ya'yansu, kuma ba su ɓoye ba, sun faɗa tun a shafin farko. Ban ga laifinsu ba, kowa yana son ɗansa ya tashi a kan abin da ya yarda da shi. Na dai rubuta cewa sai na ga samfurin babi kafin in ce a sayo komai.

Ban kai ga neman samfurin ba, ranar wata Asabar sai ga Dakta da Maryam da akwati niƙi-niƙi. Wani abokinsa ne ya taho da shi daga Amurka. Maigida ya shigo da su falo, Dakta ya buɗe akwatin da kansa yana murmushi. Littafi ne mai kauri, bango mai sheƙi, hotuna masu launi, da littafin malami, da takardun jarrabawa, har da katunan kwanan wata.

Ya ce, "Malama, na hutar da ke. Na tambaya aka ce wannan shi ne the best, babu na biyunsa. Komai yana ciki."

Na ce, "Kai, Dakta, an gode, Allah ya ƙara arziki. Wannan ai ya wadatar."

Ga kuskurena na farko, kuma na san kowaccenku za ta iya yin sa. Mutum ya ɗauko abu tun daga wata ƙasa, ya kawo har gida, a gaban mijinki da matarsa, yana murna. A tarbiyyarmu ba a juya irin wannan abu a gaban mai shi ana dubawa kamar tumatir a kasuwa. Godiya ake yi. Na yi godiya, na ajiye littafin rubutuna, ranar Litinin muka fara babi na ɗaya ban karanta ko na biyu ba. Miyar da ban ɗanɗana ba ke nan na zuba.

Kuskure na biyu ya fi na farko. A daren da aka kawo littafin ban yi komai ba, amma washegari da hantsi na zauna na yi masa bango da takarda mai kauri, na lulluɓe da leda, kamar yadda ake yi mana a gida don littafi ya kai ga ƙanne. Na ce wa Hanifa, "Kin ga littafin nan, Abbanki ya sha wahala kafin ya same shi. Ba a rubutu a ciki, ba a naɗe shafi, ba a ajiye shi a ƙasa." Ta ce to. Sannan na koyar da ita yadda aka koyar da ni, wato hadda. Mu karanta shafi, ta rufe, ta kawo. Yarinyar kuwa tana da kai, don ta riga ta haddace izu goma sha biyar a Islamiyya, kunnenta ya saba. Cikin wata huɗu ta san jerin shugabanninsu, da jihohi goma sha ukun farko, da shekarar kowane yaƙi. In ka ce mata shafi kaza, za ta gaya maka abin da ke samansa da ƙasansa. Dakta yakan yi mata tambaya a mota, ta amsa kafin ya rufe baki. Maryam ta kira ni ta ce, "Yaya Binta, me kike ba yarinyar nan ne? Jiya ta hana mu cin abinci da shugabannin Amurka."

Takardar gwajin ta zo a wata na biyar. Tambaya ɗaya ce, a rubuta insha'i: baƙin da suka zo daga Ingila cikin jirgin ruwa, sun yi wa mutanen da suka tarar adalci? Faɗi ra'ayinki, ki kawo hujja. Hanifa ta cika shafi uku da rubutunta mai kyau. Na duba, babu kuskuren shekara ko ɗaya, na ce alhamdu lillahi, muka aika. Bayan mako biyu amsa ta dawo, gajeriya, cikin ladabi. Malamar can ta ce duk abin da yarinyar ta rubuta yana cikin littafi, har kalmomin na littafin ne. Su ra'ayinta suka tambaya, ba su gan shi ba. In takarda ta biyu ta zo haka, aji shida ya fi dacewa da ita.

Maryam ce ta kawo mini takardar da kanta, Hanifa tana bayanta idanu sun kumbura. Maryam ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Yaya Binta, Abbanta ya ce ko a nemo mata Bature ya ƙarasa." Na ce su ba ni mako uku. Da suka zauna na tambayi Hanifa, "To ke me kike gani, sun yi adalci ko ba su yi ba?" Ta dube ni kamar na ce ta zagi wani babba. Ta ce, "Anti, ni zan faɗa? Ai littafin ya riga ya faɗa."

Ranar Asabar na sa littafin a jaka na hau motar Birmingham. Hajiya Rabi ta tsufa a lokacin, ta daina koyarwa, ƙafa ta hana ta sauka ƙasa, tana ɗakinta na sama da carbi da rediyo. Na kai mata dambun nama da man zafi. Bayan mun gaisa ta tambayi Ummi da Abban Ummi, na ba ta labari, na miƙa mata littafin da takardar malamar can. Ta juya shi, ta taɓa ledar da na sa, ta yi dariya har tari ya kama ta.

Ta ce, "Kin yi masa lefe. Kin karance shi?"

Na ce sai dai shafin da muke kai kullum.

Ta ce, "Na gane. Kunyar Dakta. Miƙo mini fensir, ga shi can cikin gwangwani."

Ba ta fara daga farko ba. Wuri uku ta buɗe, kuma tun daga ranar haka nake gwada duk littafin tarihi kafin in yarda da shi: inda ya yi maganar mutanen da aka tarar a ƙasa, inda ya yi maganar bayi, da tambayoyin ƙarshen babi. Ta ce tambayoyin ne suke nuna abin da mai littafi yake so yaro ya zama. Na wannan duk cike gurbi ne, wace shekara, wane gari, wa ya ci yaƙi. Ta koma babi na biyu ta karanta a hankali tana bin layi da yatsa, ta tsaya inda aka ce baƙin sun sauka suka tarar da ƙasa shimfiɗe, babu mai ita, Allah ya tanadar musu. Sai kawai ta ɗora fensir a gefen shafin mai sheƙi ta rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa: Wa ya ce?

Na ce, "Hajiya! Littafin mutane ne!"

Ta ce, "Na mutane ne mana, shi ya sa. Mutum ne ya rubuta shi, mai cin tuwo, mai mantuwa, mai son danginsa. Ke da kika yi Islamiyya, ko hadisi aka kawo miki ba sai malamai sun tambaya wa ya ruwaito, daga wa ya ji, mai gaskiya ne ko mai ruɗewa ba? Maganar da aka jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an bi ta da wannan tambayar don a tsare ta, sai littafin wani Bature ne za ki naɗe a leda ki ce ba a taɓawa? Kin ɗauki ladabin Mus'hafi kin ba abin da ba Mus'hafi ba. Yarinya kuma ta yi miki biyayya, shi ke nan laifinta."

Ta ce kada in jefar da littafin, yana da amfaninsa wajen jerin shekaru, kuma jefar da shi cin fuskar Dakta ne. In nemo wani da bai yarda da shi ba in ajiye su gefe da gefe, in bar yarinya a tsakiya. Da zan tafi ta tura mini fensirin cikin jaka, guntu ne, duk an tattauna gindinsa. Ta ce, "Ki ba ta. Kuma ki cire wa littafin nan rigar amarya."

Neman littafi na biyu ya ci mini kwana huɗu. Laburarenmu a rufe, na hau tram, jirgin nan mai bin titi, zuwa babban na cikin gari, wata ma'aikaciya mai haƙuri ta nemo mini guda biyu. Ɗaya labarin 'yan asalin ƙasar ne, da garuruwansu da gonakinsu. Ɗayan na bayin da aka kwaso daga ƙasashenmu ne, har da waɗanda suka isa can suna rubuta Larabci. A wannan karon sai da na karance su duka, da na Dakta, daga bango zuwa bango, ina tsaye a bakin tukunya wani lokacin.

Ranar Litinin na cire ledar a gaban Hanifa, na buɗe shafin na nuna mata rubutun Hajiya. Ta zaro ido ta ce, "Anti, Abba zai kashe mu." Na ce Abba ba zai kashe kowa ba. Na ɗauko Alƙur'ani daga saman kabad na ce, wannan shi ne wanda ba a gardama da shi, shi ya sa yake sama. Wancan kuwa mutum ne ya zauna ya rubuta, kuma tambayar mutum hujjarsa ba rashin kunya ba ne in an yi da ladabi. Na ba ta fensirin. Kwana uku tana riƙe da shi ba ta rubuta komai ba. Muna karanta shafi a nan, mu karanta kishiyarsa a can, in tambaye ta, ta ce duka biyun suna da gaskiya. Na fara tunanin ko Baturen Dakta ya fi.

A rana ta huɗu ina yanka albasa, ita tana tebur, sai na ji ta ce, "Anti, wait." Ba ta ma buɗe littafin ba, idonta yana kan bango, irin kallon mai tilawa. Ta ce, "A shafi na talatin da ɗaya ya ce babu kowa a ƙasar. A shafi na arba'in da huɗu ya ce da sanyi ya kusa kashe su, mutanen wurin ne suka kawo musu masara suka koya musu shukawa. To su waye suka kawo masarar in babu kowa?"

Na ajiye wuƙa na wanke hannu muka buɗe. Haka yake, shafi da shafi. Ni da na karance littafin makon da ya wuce ban lura ba, don kafin in kai na biyun na manta na farkon. Ita kuwa duka biyun suna kanta a lokaci ɗaya, saboda haddar nan da na yi ta zargin kaina a kai. Ku riƙe wannan, ƙannena. Kada wata ta ce muku haddarmu ba ta da amfani. Tana da shi, in an ba yaro izinin ya taɓa abin da ya haddace. Na ce, "To rubuta." Ta sunkuya, ta daɗe, ta rubuta a ƙarƙashin tambayar Hajiya, da Hausarta mai ɗingishi: Akwai mutane. Su ne suka ba ku abinci.

Daga ranar sai da na riƙa fiƙe fensirin nan kullum. Gefen shafuka ya cika. Wani wurin ta rubuta ta yarda, wani wurin ta ce littafin laburare ne ya zuzuta. Na koya mata ta fara da abin da take gani, ta kawo hujja biyu da shafinsu, ta faɗi abin da mai musu zai ce, sannan ta ba shi amsa ba tare da zagi ba. Ni ma a lokacin nake koyo, don ba a taɓa tambayata ra'ayina a takarda ba.

Saura Dakta. Ban aika masa saƙo ba, na bari ya zo ɗaukarta ranar Juma'a, maigida yana nan, na bar littafin a buɗe a kan tebur. Ya gani, fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Wa ya ɓata littafin nan?"

Kafin in buɗe baki Hanifa ta ce, "Ni ce, Abba. Da wata Hajiya."

Ya ɗauka ya karanta a tsaye. Ya juya zuwa shafi na arba'in da huɗu, ya dawo, ya sake juyawa. Ya ce su a Zariya bulala shida ake yi wa wanda ya yi rubutu a littafin makaranta. Maigida ya ce su goma ake yi musu. Dakta ya ja kujera ya zauna, ya ce wa 'yarsa, "To ai wataƙila nufinsa babu gwamnati, ba babu mutane ba."

Ta ce, "Abba, in haka yake nufi, me ya hana shi faɗa? Kuma suna da shugabanni, yana cikin ɗayan littafin."

Suka yi ta yi har shayinsa ya huce. Da za su tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, kin koya mata gardama. In ta fara yi da ni a kan wanke-wanke, ke zan kawo wa ƙara." Na ce in ta yi, ya tambaye ta hujja da lambar shafi. Bai sake maganar Bature ba.

Takarda ta biyu a gidansu ta rubuta ta, da la'asar ɗinmu, safiyar can, malamar tana kallonta ta kwamfuta. Ni ina kicin tare da Maryam muna gyaran alayyafo, muna addu'a ƙasa-ƙasa. An tambaye ta dalilin da ya sa mutane biyu za su ba da labarin abu ɗaya ya bambanta, ta kawo misali daga abin da ta karanta. Shafi ɗaya da rabi kawai ta rubuta, har da gogewa biyu. Da na gani na fara fid da rai, don na farkon ya fi shi tsabta nesa ba kusa ba. Bayan kwana goma Maryam ta kira ni ina tsakiyar darasin lissafi, ban ji gaisuwarta ba sai guɗa. Aji bakwai.

Na kira Hajiya Rabi na gaya mata. Ta ce, "Madalla. Fensirina fa?" Na ce ya ƙare, ko riƙe shi ba a iya yi. Ta ce to ya yi aikinsa. Allah ya yi mata rasuwa bayan shekara biyu, Allah ya jiƙanta ya sa aljanna ce makomarta.

Ana gobe za su tashi, Hanifa ta kawo mini littafin da kanta. Ta ce Abba ya ce nauyi zai yi musu a kaya, amma ita ta san ba shi ne dalili ba. Yana nan a kabad ɗina, a ƙasa da Alƙur'ani da hawa biyu, ba bango ba leda. Yara uku sun yi karatu da shi bayanta, kowanne ya ƙara nasa a gefe, har akwai wadda ta yi wa Hanifa musu a shafi na sittin.

Saboda haka, Zainab ƙanwata, ban ce kada ki yi ba. Ki yi, aiki ne mai albarka, kuma za ki iya. Ki sauke manhajar taki, ki buga, amma kada ki ajiye ta gaban yaro tukuna. Ki karance ta har shafin ƙarshe, ko da wanda kike jin nauyinsa ne ya kawo miki. In kin gama ki zo ranar Asabar da hantsi, zan dafa shayi, in buɗe miki shafi na talatin da ɗaya ki ga rubutun tsohuwa da na yarinya, ɗaya a kan ɗaya. Ki taho da fensirinki, nawa duk yara sun cinye.